Minti Biyar Da Babu A Kaset Ɗin Baba

'Yan uwa masu karatu, na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce na cika zaɓe, in karɓi mutumin nan in huta. Na gode. Gyara zama, 'yar uwa, in ba ki labarin ranar Asabar, in ya so ki sake yi mini hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara biyo mu: ni malamar firamare ce, 'yan aji uku nake koyarwa. Shekarata ashirin da tara, wanda a bakin Mama ya kusa arba'in. Wata biyu ke nan wani abokin aikin Yayana yake nemana. A kamfanin inshora suke aiki tare, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi mai sharhin ƙwallo ne. Yana da shafi a intanet. Yakan zauna a motarsa, ya jingina waya da sitiyari, ya koya wa manyan masu horar da 'yan wasa na duniya aikinsu. Mabiyansa ɗari uku da 'yan kai. Mai Sharhi nake kiransa, shi kuma yana jin daɗin sunan, ya ɗauka yabo ne.

Ranar Juma'a ina zaune ina duba littattafan yara, saƙonsa ya shigo:

"Malamata, gobe zan shigo fili. Na yi atisaye, na shirya tsaf. Ke ce kofin da nake hari a wannan kakar."

Na karanta sau biyu da jan biro a hannuna. A wannan kakar. Wato akwai kofin baɗi.

Abin da yake nufi shi ne zai zo ya gaishe da Baba karon farko. Kafin in ci gaba sai na yi muku bayanin Asabar ɗin gidanmu, domin in ba ku gane ta ba, ba za ku gane laifin kowa ba, har da nawa.

Baba mai gyaran rediyo da talabijin ne, shekara talatin yana yi kafin ya zauna. Ƙungiyar ƙwallo ɗaya yake so a duniya, ta garinmu, masu koren riga. Sau ɗaya tak a tarihinta ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun nahiya, shekara ashirin da uku da suka wuce, ta kara da wata babbar ƙungiya ta wata ƙasa, masu farar riga. Ranar Baba ya rufe shago, ya sayi sabon kaset na awa biyu don ya naɗi wasan. Sai dai bai iya haƙuri ba. Tun 'yan wasa ba su fito ba ya danna naɗi, wai kada ya rasa fitowarsu. Bai tsallake tallace-tallacen hutun rabin lokaci ba. Saboda haka kaset ya cika a minti na tamanin da biyar, muna da ɗaya, su babu ko ɗaya.

A minti biyar ɗin da suka rage, da ɗan ƙarin lokaci, aka zura mana biyu. Kofi ya tafi.

Shekara huɗu da suka wuce Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, hannun hagu ya dawo rabi, amma tunaninsa ya zama kamar littafin da aka yage wa shafuka nan da can. Ya san mu, ya san sunan kowane ƙarfe a cikin rediyo, amma bai san abin da ya ci da safe ba. Bayan ya dawo daga asibiti ba ya magana da kowa. Wata rana na ciro kaset ɗin daga akwati na sa masa. Ya miƙe zaune. Ya yi wa alƙalin wasa faɗa. Da allo ya koma shuɗi, ya juyo ya dube ni ya ce, "To, ya aka ƙare?"

Ya manta. Na dubi fuskarsa, fuskar da rabonta da yin haske haka tun kafin ciwon, na ce, "Kun ci, Baba. Ɗaya da nema."

Ranar ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari. Tun daga nan, kowace Asabar ƙarfe huɗu akwai wasan ƙarshe a falonmu, kuma kowace Asabar mu ne da kofi. Mama ta shiga cikin shirin, Yaya ya shiga. Tsohon talabijin mai ƙaton baya da na'urar bidiyon suna nan a kusurwa, an lulluɓe su da farin ƙyalle, ba mai taɓa su sai ni.

To ga shi baƙo zai zo ranar Asabar, kuma baƙon Mai Sharhi ne. Na rubuta masa dalla-dalla, kamar yadda nake rubuta wa iyayen yara takarda:

"Ƙarfe huɗu Baba yake kallon tsohon wasan ƙarshe. Kaset ɗin yana yankewa kafin a tashi. Zai tambaya wa ya ci. A gidanmu mu ne muka ci, ɗaya da nema. Don Allah kada ka gyara."

Ya amsa da saƙon murya na minti shida. Biyar da rabi tarihin wasan ne, da yadda ya kamata a ce an tsara 'yan baya. Rabin mintin ƙarshe ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, Malamata. Ni da tsofaffi akwai jituwa."

Asabar tun da hantsi Mama ta sauke labulen falo ta rataya na baƙi, mai ruwan goro da zanen ganye. An fito da kofunan da suke zaune a kabad shekara da shekaru ba su san ɗumin shayi ba. Na fito da doguwar rigata mai ruwan toka, Mama ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Koma ki cire. Taron malamai za ki?"

"Mama, wurin Baba zai zo gaisuwa, ba wurina ba."

"Da ke da Baban duka. Sa mai ruwan zumar nan, da mayafinta. Kuma ki saki fuskar nan, kin ɗaure ta kamar yaro ya zo babu aikin gida."

Na sa mai ruwan zuma. Ta gyara mini wuyan rigar, ta rage murya.

"Ke 'yar nan, yau nake son amsa. Yana da aiki, yana da mota, yayanki ya san gidansu. In ya tafi ki same ni a ɗaki. Ko ki ce e, ko ki ce to."

Ni kuwa na san inda nake fakewa. Duk lokacin da maganar aurena ta tashi, Baba yakan ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Ku bar uwata. Ita za ta zauna da shi, ba ku ba." Haka yake kirana, uwata. Wannan maganar tana cikin shafukan da ciwo bai yage ba, kuma a bayanta na yi shekara huɗu ina ɓuya.

Huɗu saura kwata turarensa ya yi sallama, sannan shi. Ya sa baƙar kwat, a ƙarƙashinta koriyar rigar ƙungiyar Baba, sabuwa fil, har layin ninkin leda yana nan a ƙirji. Waya biyu a hannu ɗaya, makullin mota a ɗayan, yana kaɗa shi don kada mu ɗauka a ƙafa ya zo. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama. A nan kam ba ni da abin cewa, ya iya gaisuwa.

Baba ya ga rigar, idonsa ya kawo haske. "Kai ma namu ne?"

"Tun ina zanen goyo, Baba."

Na sunkuyar da kai. Makon jiya a shafinsa ya ce ƙungiyoyin gida ɓata lokaci ne.

Ƙarfe huɗu na yaye ƙyalle, na tura kaset. Baba ya sa gilashinsa, ya ɗora sanda a kan gwiwa, ya ce wa Mama kada ta gifta gabansa. Hoton ya yi rawa, ya daidaita. 'Yan wasa suka fito a jere, kore da fari, filin ya cika maƙil.

Akwai irin ɗalibin da kowace malama ta sani. Tun ba ki gama tambaya ba hannunsa yana sama, yana tsalle a benci, in kin kira wani sai ya faɗi amsar da ƙarfi. A aji uku ina yi masa uzuri, shekararsa takwas. Wannan shekararsa talatin da biyar, da gemu.

"Ku lura da mai lamba bakwai yanzu, Baba. Zai yanka ta hagu."

Mai lamba bakwai ya yanka ta hagu. Baba ya dubi Mai Sharhi. "Kai boka ne?"

"Karatun wasa ne kawai, Baba."

Na yi tari. Yaya ya zungure shi da gwiwar hannu. Ya yi shiru na minti uku, na duba agogo.

A minti na talatin da ɗaya ƙwallonmu ta shiga raga. Baba ya ɗaga hannunsa sama yana dariya, sanda ta faɗi ƙasa, Mama ta tafa kamar yadda take tafawa kowane mako. Mai Sharhi ya karkata kai.

"A gaskiya in aka duba da kyau, akwai satar gida a nan."

"Alƙalin wasa da ke cikin fili bai gani ba," in ji Baba, "sai kai da ke cikin falona?"

Yaya ya fashe da dariya, ni ma na ɓoye tawa a mayafi. A raina na ce shi ke nan, Baba ya gama da shi, ba sai na wahalar da bakina ba.

Hutun rabin lokaci ya zo da tallan wani sabulu da aka daina yi tun ina firamare. Na zuba shayi. Mama ta tambaye shi gidan da yake haya, ya ce ɗaki uku, ya mayar da ɗaya wurin ɗaukar bidiyo. Mama ta dube ni da ido irin na kin ji dai. Na ji. Ɗaki guda na surutu.

Aka dawo. Masu farar riga suka taso mana, mai tsaron ragarmu yana ta kaɗe ƙwallo. Baba ya matso bakin kujera, yana cewa, "Ku riƙe, 'ya'yan nan, ku riƙe." Minti na tamanin da biyar, ana shirin jefo ƙwallo daga gefe, allo ya koma shuɗi. Na'urar ta yi ƙara ta fara mayar da kaset baya.

Baba ya juyo. "To, ya aka ƙare?"

"Kun ci, Malam," in ji Mama.

"Ɗaya da nema," in ji Yaya.

Baba ya jingina, ya lumshe ido. "Na san za su riƙe."

Na dubi Mai Sharhi. Yana mutsu-mutsu a kujera, yana juya waya a hannu, leɓensa na motsi. Na kafa masa idon da nake kafa wa aji in shugabar makaranta ta shigo, idon da yake zaunar da yara arba'in. Bai kama shi ba.

"Baba, a gafarce ni."

"Aboki," in ji Yaya da sauri, "zo mu duba motarka, kamar ka tare hanya."

"Motata daidai take. Baba, tarihi amana ne. Ba haka aka tashi ba. Ga shi nan duka a intanet, hoton ma ya fi wannan fitowa."

Kafin in ajiye butar shayi ya riga ya durƙusa a gefen kujerar Baba, ya kanga masa waya a gaban gilashi. Na ce, "Don Allah." Baba ya ɗaga mini hannu, in yi shiru.

Muna jin muryar mai gabatarwa tana fita daga 'yar wayar. Minti na tamanin da bakwai, bugun kusurwa, wani dogo mai farar riga ya sa kai, suka farke. Baba bai motsa ba. Ƙarin lokaci, mai tsaron ragarmu ya fito tarar ƙwallo, ƙafarsa ta zame, ƙwallo ta gangara a hankali ta shige. Biyu da ɗaya. Mai Sharhi ya tsayar da hoton, ya buɗe shi da yatsu biyu.

"Kun ga mai lamba huɗu? Laifinsa ne. Da ya tsaya a nan, da ba a yi haka ba. Na yi bidiyo guda a kan wannan."

"Mayar da shi baya," in ji Baba.

Ya mayar. Baba ya sake kallo, har inda masu koren riga suka zube a kan ciyawa, wasu sun rufe fuska da riga, masu fari suna ɗaga kofi. Sannan ya cire gilashinsa ya ninke shi a hankali da hannu ɗaya.

"Tun yaushe?"

"Shekara ashirin da uku ke nan, Baba, ranar..."

"Ba kai na tambaya ba." Ya juyo gare ni. "Uwata, tun yaushe kuke gaya mini mun ci?"

"Shekara huɗu, Baba."

"Wa ya fara?"

Mama ta buɗe baki, na riga ta. "Ni ce."

Ya daɗe yana kallona. Da faɗa ya yi da na fi jin sauƙi.

"Kowane mako ina tafi ina murna a gabanku, kuna kallona kamar jaririn da aka ba wa abin wasa." Ya nuna Mai Sharhi da sanda. "Wannan yau ya fara taka gidana, shi kaɗai ya ɗauke ni mutum mai hankali. In ni kuke jira a kan maganarsa, na amince da shi."

Ya ƙi hannuna, ya ƙi na Yaya, ya dogara sandarsa ya shige ɗaki.

Ban taɓa ganin fuska ta yi aiki biyu a lokaci guda kamar ta Mama ba. Idonta ya cika da ƙwalla saboda Baba, hannunta kuma yana laluben waya a ƙarƙashin matashin kujera. "Raka shi ƙofa," ta ce. Kafin mu kai bakin ƙofar ina jiyo ta tana cewa, "Gwaggonsu, kina jina? Malam da bakinsa."

A waje Mai Sharhi ya jingina da motarsa, ya buɗe maɓallin kwat don rigar ta fito sosai.

"Kin gani? Ƙwallon minti na ƙarshe. Na ce miki ni da tsofaffi akwai jituwa."

"Na roƙe ka. A rubuce."

"Haba Malamata. Ke da kike koya wa yara faɗin gaskiya?"

"Ba don Baba ka faɗa ba. Amsa ce ta cika maka baki, ka rasa inda za ka tofar."

Ya yi dariya, wai ina da barkwanci. Sannan ya matso, ya rage murya kamar mai shirin faɗin kalmar so. Na ɗauka haƙuri zai bayar, har na fara shirya yadda zan karɓa, domin ni ban iya riƙe mutum ba in ya ce ya tuba.

"Ya kike gani in na dawo da fitila da makirufo in yi hira da Baba? Dattijon da ya yi shekaru bai san an ci su ba. Wallahi zai zagaya ko'ina. Ke ma sai ki ɗan fito a ciki."

Na dube shi, na dubi layin ninkin da ke ƙirjin rigarsa. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ban kai falo ba saƙonsa ya shigo: hoton kofi, da zuciya uku.

Mama ba ta neme ni a ɗaki ba. A wurinta an riga an amsa mini. Baba kuma bai fito cin abinci ba, farantinsa ya dawo yadda aka kai shi.

Yanzu ga inda zan tona wa kaina asiri, ku yi mini hukuncin da kuka ga dama. Na yi fatan ya manta. Ni da na yi shekara huɗu ina roƙon Allah ya dawo wa Baba da tunaninsa, sai ga ni ina fatan gari ya waye ya goge masa ranar nan kaf: wayar, mai lamba huɗu, da amincewar da ya yi. In ya manta, in koma bayansa in ɓuya kamar da.

Lahadi da safe na haɗa masa shayi, cokali ɗaya na sukari, na yanka burodi ƙanana yadda hannunsa zai iya. Na same shi zaune a bakin gado, ya buɗe bayan wata tsohuwar rediyo yana kallon cikinta.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya." Bai ce uwata ba. "Yaushe yaron nan mai waya zai dawo?"

Mutumin da bai san abin da ya ci jiya ba. Na ajiye faranti a kan tebur. Ƙarya uku suka zo mini a jere, kowace a shirye, kowace mai taushi: ya yi tafiya, aiki ya yi masa yawa, wane yaro? Na durƙusa a gabansa.

"Baba, ba na son sa. Ba zan aure shi ba."

Ya sa cokali a kofi yana juyawa.

"Don ya gaya mini?"

"Don ya ji daɗin gaya maka."

"Wannan gaskiya ce, ko ita ma an gyara mini ita ne don in ci abinci?"

"Gaskiya ce. Ba mai daɗi ba ce, amma ita ce."

Ya kurɓi shayin, ya ɗauki yankan burodi guda ya tsoma.

"Ashe kin iya," ya ce. "To ni na ce na amince, ban ce na bayar ba. Amma kada ki zo ki laɓe a bayana. Je ki faɗa wa uwarki da bakinki, da irin wannan muryar."

Na miƙe na juya. Ba sai na je ko'ina ba. Mama tana tsaye a bakin ƙofa, ta ɗaga labule da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta toshe bakin waya da shi. Ban san daga ina ta fara ji ba, fuskarta ba ta gaya mini ba.

"Mahaifiyarsa ce," ta ce a hankali. "Tana kan layi. Wai tana son ta ji muryar surukarta."

Ta miƙo mini. Baba yana taunar burodinsa, idonsa a kaina. Na goge tafin hannuna a jikin riga, na karɓi wayar.